Liyafar Edinbura ta 1440: wa ya ci amanar baƙi?

A fadar Edinbura ta ƙasar Sikotilan, wadda aka gina a kan dutse, a watan Nuwamba na 1440 aka gayyaci William, shugaban gidan Douglas, da ƙanensa David, su ci abinci tare da sarki, daga bisani aka fitar da su waje aka fille musu kai. Tun da labarin ya sake yawo a intanet, abin da ake ta maimaitawa shi ne wai sarki ne ya ci amanar baƙinsa.

Sarki James na Biyu a lokacin ɗan shekara 10 ne. An kashe mahaifinsa a 1437, ragamar mulki kuwa tana hannun manyan da ke riƙe da yaron, wato William Crichton da Alexander Livingston. Shi William Douglas shekarunsa 16, amma ya gaji ƙasa da mayaƙa masu yawan da ya hana waɗannan manya barci.

Me ya sa sai a wurin cin abinci? Da a filin daga ne, da wuya su iya da shi. Gayyatar da ta zo da sunan sarki kuwa ba a ƙin amsa ta, domin wanda ya ƙi ya ba maƙiyansa hujjar kiransa ɗan tawaye, wanda ya amsa kuma ya shiga gidan da ƙofarsa da masu gadinta duk na wani ne. Sunan ƙaramin sarkin manyan nan suka ara, domin shi kaɗai ne zai iya raba Douglas da rundunarsa ba tare da an zare takobi ba.

Kan baƙin bijimin nan da ake cewa an ajiye a gabansu a matsayin alamar mutuwa, marubutan ƙarni na 16 ne suka kawo shi, kuma ni dai ina ganin gishiri ne aka ƙara wa labarin.

Wanda ya gaji sarautar gidan shi ne ƙanen kakan William da David, James Douglas, shi ya sa masana da dama ke zargin da saninsa aka yi. Wataƙila ruɗanin ɗora wa sarki laifin ya samo asali ne daga 1452, lokacin da Sarki James, ya riga ya girma, ya gayyaci ɗan wannan James Douglas ɗin zuwa fadar Stirling bisa alkawarin aminci, sannan ya daɓa masa wuƙa da hannunsa.