Elektaron Biyu na Helyom: Yadda Ake Lissafa Makamashinsu

Ɗaliban fiziks na Jami'ar Abdou Moumouni a nan Yamai, ku dubi allo.

Tun 1926 Schrödinger ya warware lissafin haidirojin da alƙalami, don elektaron ɗaya gare shi. Helyom na da biyu, a nan lissafi ya cije. Biyun suna tunkuɗar juna, ƙarfin tunkuɗar kuma ya dogara da tazarar da ke tsakaninsu, wadda muke rubutawa r12.

Ma'auninmu na makamashi hartree ne, ɗaya kimanin eV (elektaron-volt) 27.2. Amsar da muke nema, wato mafi ƙarancin makamashin elektaron biyun, ita ce −2.9037. Wanda ya yi watsi da tunkuɗar zai samu −4, ya yi nisa ƙwarai.

To, ya ake yi? Ana ƙirƙiro siffar igiya ta gwaji, wato lissafin da ke nuna inda ake iya samun elektaron ɗin, a lissafa makamashinta, a yi ta gyara har ya daina sauka. Kamar ciniki ne a Babbar Kasuwa: za ku yi ta ragewa, amma akwai farashin da ba a wucewa. Muddin an saka tunkuɗar a lissafi, gwaji ba ya taɓa sauka ƙasa da amsar gaskiya.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a rage cajin cibiyar atam da elektaron ke gani daga 2 zuwa 1.6875, saboda kowane elektaron yana ɗan kare ɗan'uwansa daga cibiyar. Wannan ya ba da −2.848. Hanyar Hartree-Fock kuwa tana tsayawa a −2.862, duk ƙarfin kwamfutarku, domin matsakaiciyar tunkuɗa kawai take gani.

A 1929 Egil Hylleraas, ɗan Norwe, ya saka r12 kai tsaye cikin siffar igiyar. Da gaɓa 3 kacal, wato guntayen lissafi da ake haɗawa su zama siffar, ya kai −2.902. A 1959 Pekeris ya yi amfani da gaɓa 1078 a kwamfutar WEIZAC, ya samu −2.903724.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Idan gaɓoɓi suka yi yawa, wasu sukan yi kama da juna sosai, kwamfuta kuma lambobi kimanin 16 take riƙewa, sai ta kasa bambanta su. Alamar ita ce makamashi ya faɗo ƙasa da −2.9038. Kada ku yi murna, kuskure ne. Ku cire gaɓoɓin da suka kusa maimaita wasu, ko ku koma lissafi mai lambobi sama da 30.

Kafin ku yarda da manhajarku, ku mayar da cajin cibiya 1, wato haidirojin mai elektaron biyu. Gwajin nan mai sauƙi zai ba da −0.473, sama da −0.5 na haidirojin mai elektaron ɗaya, ma'ana a wannan gwajin elektaron na biyu ba zai zauna ba. Ku saka r12, ku ƙara gaɓoɓi, ya kamata ku doshi −0.5278.