Na fasa robar gwajin gaggawa, ku ga abin da ke ciki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Turai. Ku duba nan da kyau, robar gwajin zazzaɓin cizon sauro ce na fasa. 'Yar siririyar takarda ce kawai a ciki. A baki ɗaya na takardar ake saka jini, mikrolita 5, ko cikakken ɗigo bai kai ba. Wurin da ya yi ja-ja a jikin takardar kuwa ƙananan ƙwayoyin zinare ne da aka liƙa wa sinadarin kama alamar cuta. Ruwan da ke zuwa a kwalin shi ke jan su bisa takardar, in akwai cuta su taru a layin T, wato layin sakamako. Layin C shaida ce cewa ruwan ya gudana. In bai fito ba, a jefar, ko da T ya fito ɓaro-ɓaro.

Jini ya yi yawa, takarda ta rine, layi ya ɓuya. A karanta bayan awa guda maimakon minti 15 zuwa 20, sai ga layin ƙarya.

Abin da ya sa masu ƙerawa suka koma kan aiki shi ne, yawancin waɗannan gwaje-gwaje furotin HRP2 suke nema, wani sinadari da ƙwayar maleriya ke fitarwa. A 2010 aka ba da rahoton ƙwayar maleriya a Peru da ba ta yin sa kwata-kwata: mutum na fama da zazzaɓi, gwaji ya ce lafiya lau. Eritiriya ta bar irin wannan gwaji a 2016. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in kuskuren ya wuce kashi 5 cikin 100, a koma wa mai neman pLDH, wani sinadarin daban na ƙwayar cutar.

Yanzu hankali ya karkata ga gano ƙwayar halittar cutar kanta. GeneXpert, injin gwajin da hukumar ta amince da shi a 2010, yana gano tarin fuka cikin ƙasa da awa 2, har ya faɗa ko maganin rifamfisin zai yi aiki. Sai dai yana son wuta tsayayya. Shi ya sa ni LAMP, gwajin da ke hayayyafa ƙwayar halittar cuta a cikin bututu har a gano ta, ya fi burge ni, zafi ɗaya yake buƙata, digiri 60 zuwa 65, babu hawa da saukar zafi irin na PCR, hanyar da GeneXpert ke bi. Akwai kuma roba ɗaya mai gwada HIV da tunjere tare, da wayoyin da ke karanta layi mai dishi-dishi.

Mai aiki da LAMP, kada ka kuskura ka buɗe bututun bayan an gama. Abin da ya hayayyafa a ciki ya bazu a ɗakin, gwajin gobe sai ya riƙa nuna cuta ga wanda ba shi da ita.