Ƙabar da ba ta fitowa waje

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ku yi haƙuri da idon nan nawa, yanzu na sauka daga aikin dare ina zaune cikin mota hita na ɗumama ni don yau Manchesta sanyin ba sauƙi. Masu bibiyata sun san nas ce ni a ɗakin tiyata, toh yau maganar ƙaba na zo da ita amma ba wadda kuka sani ba.

Mu a gida in aka ce ƙaba ai kowa ya gane, abu ne ya kumburo a matsematsi ko a cibiya ko ya sauka ya zama gwaiwa, mutum ya kwanta ya danna ta koma, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke toshe wa mutane hanji a asibitocinmu. Nan Turai kuwa abin da ya fi kawo toshewar shi ne mannewar da hanji yake yi bayan an taɓa buɗe cikin mutum. Sai kuma wannan da ba ta da yawa, ƙabar cikin ciki, cikin mutum 100 da ƙaramin hanjinsu ya toshe ba su kai 6 ba masu ita, kuma ita ba kumburin da za ki nuna wa likita ki ce ga shi nan, ciki ne kawai yake ciwo.

Duk wadda ta taɓa wanke kayan cikin ragon layya ta san hanji ba a sake yake ba, akwai wani tantani mai kitse da ya riƙe shi, in kin ɗaga shi a haske za ki ga jijiyoyin jini sun yi rassa a jiki, toh mu ma haka namu yake, ta nan hanji yake samun jini. In aka samu huji ko wani ɗan aljihu a tantanin nan sai hanji ya zura kansa ciki, wani lokaci ya zame ya fito da kansa ciwon ya lafa, wata rana kuma ya shiga ya ƙi fita, ya kumbura, ya murɗe, bakin hujin ya shaƙe jijiyoyin, shikenan abinci ba ya wucewa jini ma ba ya zuwa.

Wasu da abinsu aka haife su. Tun jariri yana cikin uwa hanjinsa yake juyawa ya zauna a mazauninsa, in juyawar ba ta cika ba sai a bar aljihu kusa da farkon ƙaramin hanji, yawanci ta hagu, likitoci suna ce masa ramin Landzert, mutum ya kai shekara 40 ko 50 bai san da shi ba. Akwai ƙofar Winslow a ƙarƙashin hanta, ita kam kowa yana da ita, da wuya dai hanji ya faɗa. Mata kuma wani lokaci a tantanin gefen mahaifa ake samun hujin.

Amma wadda ta sa na kunna kyamarar nan ita ce wadda aiki yake jawowa. Tun 1900 wani likitan Jamus Walther Petersen ya bayyana yadda hanji yake faɗawa gurbin da ake bari in an jawo hanji an haɗa shi da tumbi, har yau sunansa ake kiran gurbin da shi. Yanzu kuma aikin rage ƙiba ya zama yayi, wanda ake rage tumbi a karkatar da hanji, likitoci suna ce masa Roux-en-Y, shi ma yana barin irin wannan gurbin, daga nan Ingila mutane suna ta tafiya Turkiyya don ya fi araha, 'yan uwanmu ma wasu Masar wasu Indiya. Ni fa ba na kushe aikin, na ga masu ciwon suga da ya taimaka musu sosai. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, ki rame ki yi kyau kowa yana miki masha Allah, toh kitsen tantanin nan ma ya narke, gurbin da da yake a matse ya buɗe, shi ya sa sai bayan shekara ɗaya ko biyu ko fiye abin yake tashi, lokacin mutum har ya manta. Mai juna biyu kuma nata haɗarin ya fi don mahaifa tana tura hanji sama, kowa ya ce laulayi ne.

Ciwon yakan zo bayan cin abinci, murɗa mai tsanani a saman cibiya har gadon baya, ya yi awa ɗaya ya tafi, sai a ce olsa ce a sha maganin olsa a sha kanwa. Wanda aka yi wa aikin rage tumbi ma ba lallai ya yi amai da yawa ba don tumbin ƙarami ne. A gwada jini da farko ya fito lafiya lau, hoton eksire ma haka. Hoton CT ne yake kamawa, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura a ɗauko cikinsa dalla-dalla, a ga jijiyoyin sun nannaɗe sun yi zobe, shi ma wani lokaci ya kuskure, sai likita ya ce a shiga da kyamara a gani da ido.

Wallahi in kina tsaye a tiyata aka zaro hanjin da ya shaƙe, launinsa kaɗai ya isa ki san inda aka kwana. Lafiyayye ja ne mai haske yana ɗan motsi, wanda ya shaƙe kuwa ya yi duhu kamar zai koma baƙi. Sai mu jiƙa bandeji da ruwan gishiri mai ɗumi a lulluɓe shi, mai ba da maganin barci ya ƙara iskar oksijin, a jira wasu mintuna kowa ya zuba ido. In ja ya dawo a mayar da shi a ɗinke hujin, in bai dawo ba dole a yanke a jona, wani a cire ɗan guntu wani kuma mita guda ko fiye, kuma bambancinsu sau da yawa awanni ne kawai da aka ɓata a gida.

A Suwidin an yi gwaji da mutum sama da 2,500 da aka yi wa wannan aikin na rage ƙiba, aka fitar da sakamakon a 2016, waɗanda aka ɗinke wa guraben nan tun a aikin farko sun fi ƙarancin komawa tiyata saboda toshewar hanji. Don haka mai shirin tafiya ta tambayi likitan ƙarara, za ku rufe guraben? Kuma dan Allah ku karɓo takardar aikin a rubuce da Turanci, mace ta zo imajensi tana juyi a ce wane aiki aka miki ta ce na rage ƙiba kawai, alhali wanda ake yanke tumbi a tsaye ba a taɓa hanji daban yake, shi da wuya ya kawo wannan matsalar.

In ciki ya murɗa ya ƙi lafawa, ga amai kore, ko tusa ba ta fita balle bayan gida, kar a ci komai kar a sha maganin wankin ciki, in a nan Ingila kuke ku kira 999 ko ku tafi imajensi, maganar farko da za ta fito bakinki a faɗi aikin da aka taɓa yi da shekarar da aka yi shi.