Rigar Sonics a Kasuwar Gwanjo

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Ran Juma'a na bi ta wajen 'yan gwanjo a babbar kasuwar Maradi, na iske wani saurayi yana tayin wata rigar ƙwallon kwando, kore da ruwan ɗorawa, an rubuta Sonics a ƙirji, lamba 40 a baya. Na ce masa, "Samari, ka san ƙungiyar nan?" Ya ce shi dai launin ne ya burge shi. Ya biya jika ɗaya da rabi ya tafi, bai san rigar marigayiya ya saya ba.

Abin da ya sa na tuno da shi, cinikin ƙungiyar Portland Trail Blazers ne a Amurka. Mai ita, Paul Allen, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Microsoft, ya rasu a 2018. A 2025 masu kula da gadonsa suka sa ta a kasuwa, suka shirya da wani attajirin Texas, Tom Dundon, a kan kuɗi wajen dala miliyar 4. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sayen ƙosai ba. A sefa abin ya haura miliyar 2,000. Masu sayen sun ce ƙungiya tana nan Portland daram. Amma mutanen garin ba su saki jiki duka ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Gemun maƙwabci suka ga ya kama wuta.

Maƙwabcin shi ne Seattle. Tun 1967 SuperSonics, wato Sonics, take garin, ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1979, ta yi zamanin Gary Payton da Shawn Kemp, mai lamba 40 ɗin nan. A 2006 Howard Schultz na kamfanin Starbucks ya sayar da ita kan dala miliyan 350 ga wasu 'yan kasuwar Oklahoma, Clay Bennett ne jagoransu. Su ma sun yi alkawarin za su yi iya ƙoƙarinsu ta zauna. Daga nan suka ce filin wasan ya tsufa, a gina sabo, kuma jama'a su zuba kuɗin harajinsu a ciki. Hukuma ta ƙi. Ana cikin haka sai bakin ɗaya daga cikinsu, Aubrey McClendon, ya suɓuce a jarida, ya faɗi cewa ba don su bar ta a Seattle suka saye ta ba. NBA ta ci shi tarar dala 250,000, ba ta hana tafiyar ba. A 2008 aka kwashe komai, har da matashi Kevin Durant da bai wuce shekara ɗaya a garin ba. Aka bai wa Seattle dala miliyan 45, aka bar mata suna da launi, kamar a tafi da saniya a bar maka igiya. Ƙungiyar ita ce Oklahoma City Thunder da ta ɗauki kofi a 2025.

Wani zai ce yaya za a ɗauki ƙungiya sukutum a sauya mata gari? To, NBA ba irin gasar ƙwallon ƙafarmu ba ce, ba a faɗuwa rukuni na biyu, ba a hawowa. Kujeru 30 ne, kowace da mai ita, kamar rumfar kasuwa. Garuruwan da ke so sun fi kujerun yawa, shi ya sa mai ƙungiya ke iya ritsa magajin gari: ko ka gina, ko in tashi.

Abin dariya, a 2013 attajiran Seattle, Chris Hansen da Steve Ballmer, suka je sayen Sacramento Kings don su yi wa wasu abin da aka yi musu. Magajin garin Sacramento, Kevin Johnson, tsohon ɗan wasa ne, ya san hannunsu. Ya nemo wani mai saye, Vivek Ranadivé, masu ƙungiyoyi suka jefa ƙuri'a 22 da 8, aka hana tashin. Sai dai garin ya zuba sama da dala miliyan 200 a sabon fili. Ni a wurina kuɗin fansa ne, ko da an kira shi zuba jari.

Mu nan kullum kiranmu shi ne alhazan Maradi su sa hannu a wasanni, su tallafi ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa irin su Jangorzo da Ɗan Kasawa, su gyara wa yara filayen kwando da ƙarfen ragarsu ya lanƙwashe. Ina cikin masu wannan kira. Amma ranar da wani Alhaji zai ce ya ɗauki nauyin ƙungiya kacokan, a zauna da shi da hukumar gari tun ciniki bai faɗa ba, a rubuta a takarda cewa sunan ƙungiyar da mazauninta na Maradi ne, ko da harkokinsa sun koma Yamai. Mutanen Seattle sun cika tituna da kwalaye suna ihu, amma a lokacin shekara biyu ke nan da sa hannu.