Yadda Fararen Ƙwayoyin Jini Ke Isa Wurin Rauni

Ƙaya ta soki tafin ƙafa. Kafin a jima wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura. Ku biyo mu cikin ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini daga wurin, domin a nan ne aikin ke gudana.

Ƙwayoyin tsaro da ke zaune cikin nama su ke fara shela. Wasu daga cikinsu, ƙwayoyin mast, suna sakin wani sinadari mai suna histamin, jijiyoyi su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama, gudun jini ya ragu. Makrofej, wasu ƙwayoyin tsaron, su kuma suna fitar da TNF da IL-1, sinadaran saƙo da ke faɗakar da bangon jijiya. Wannan raguwar gudu ita ke tura nutrofil, waɗanda su ne kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jini, su matso jikin bangon jijiya.

Yanzu ku lura da bangon. Cikin 'yan mintoci yana fito da P-selektin, wani furotin mai kama ƙwayoyi, wanda dama a ajiye yake. E-selektin kuwa sai an ƙera shi, yana ɗaukar 'yan sa'o'i. Selektin na kama wani furotin mai suna PSGL-1 da ke jikin nutrofil, amma riƙon ba shi da ƙarfi: ya kama, ya saki, ya sake kamawa. Shi ya sa kuke ganin ƙwayar tana mirginawa.

Mirginawar nan ita ke ba ta damar karanta saƙon da ke liƙe a bango, wato IL-8. Da zarar ya shiga makarɓansa da ke jikin ƙwayar, CXCR1 da CXCR2, sai integrin (furotin masu riƙo da ƙarfi da ke jikin ƙwayar) guda biyu, LFA-1 da Mac-1, waɗanda suke a lanƙwashe, su miƙe su damƙi ICAM-1, wani furotin da ke jikin bango. Ƙwayar ta tsaya cak, duk da jinin da ke bugun ta. Daga nan ta baje, ta yi rarrafe tana neman mahaɗar ƙwayoyin bango, ta kutsa da taimakon PECAM-1, furotin da ke mahaɗar.

A cikin nama tana bin sinadari ne kamar mai bin ƙamshin girki, inda ya fi ƙarfi nan take dosa: fMLP daga bakteriya, C5a daga jini, da LTB4 da 'yan'uwanta ke saki don kiran wasu. Furotin biyu da ke cikinta ke motsa ta: aktin na tura gabanta, mayosin na janyo bayanta. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyi, ke rinjaye, bisa kiran sinadarin CCL2, su kwashe matattun ƙwayoyi.

In mataki ɗaya ya lalace fa? Akwai jariran da ake haifa ba su da CD18, sashen da integrin ɗin nan biyu ke buƙata. Nutrofil sun cika jininsu, amma ba sa iya tsayawa balle su fita. Cibiya ta daɗe ba ta faɗi ba, ciwo ya yi ta dawowa, kuma raunin ba ya tara mugunya.

In riƙon ya yi yawa ma matsala ce, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai. A cutar sikila, P-selektin na sa fararen ƙwayoyi su manne a bango, jajayen ƙwayoyin da suka lanƙwashe su maƙale a jikinsu, hanya ta toshe, ciwo mai tsanani ya taso. Amurka ta amince da crizanlizumab, maganin da ke toshe P-selektin, a 2019, amma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023 bayan wani babban gwaji bai nuna yana rage tashin ciwon ba.