Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Yahudawa Suka Fara Kafa Jama'a a Birnin New York?

Masu sauraro, tambayarmu ta gaba ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram, wanda yake son sanin yaushe Yahudawa suka fara zama a birnin New York, kuma ta yaya suka kafa majami'arsu ta farko.

To, Malam, labarin ya faro ne a watan Satumba na 1654, lokacin birnin yana hannun mutanen Holan, ana kiransa New Amsterdam. A watan ne jirgin ruwa ya sauke Yahudawa 23, maza da mata da yara, waɗanda suka gudo daga Recife ta Brazil bayan Fotugal ta ƙwace garin daga Holan. Sun iso hannu rabbana, har mai jirgin ya maka su a kotu saboda kuɗin haya, aka yi gwanjon kayansu.

Gwamna Peter Stuyvesant bai yi maraba da su ba. Ya rubuta wa kamfanin Holan mai mallakar garin yana neman izinin korarsu, amma a 1655 kamfanin ya ƙi, domin akwai Yahudawan Amsterdam cikin masu hannun jarinsa. An bar su su zauna bisa sharaɗin su ɗauki nauyin talakawansu da kansu, ibada kuma sai dai a cikin gida.

Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne, maƙabarta suka fara samu, a 1656, tun kafin su samu ginin ibada. Ingila ta karɓi birnin a 1664, amma sai a 1730 jama'ar, mai suna Shearith Israel, wato "ragowar Isra'ila", ta buɗe ƙaramar majami'arta a titin Mill, bayan shekaru tana taruwa a gidan haya.

Tsarin addu'arsu na Yahudawan Sifaniya da Fotugal ne, kuma suka riƙe shi ko bayan da waɗanda suka fito daga Jamus da Poland suka fi yawa a cikinsu. Ita kaɗai ce majami'ar Yahudawa a birnin har zuwa 1825, lokacin da wasu daga cikin Yahudawan Jamus da Poland ɗin suka ɓalle suka kafa B'nai Jeshurun domin su yi ibada irin ta iyayensu.