Giya da matatsun yawun ɓera: yadda ake gwajin da inda yake lalacewa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abu uku zan taɓo: matatsun yawun kansu, yadda ake shayar da ɓera giya, da abin da madubin likita ke nunawa.

Ɓera yana da manyan matatsun yawu iri uku kamar mutum. Akwai ta kusa da kunne, wato farotid, wadda hangum ke kumbura wa yara. Akwai ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ta ƙarƙashin harshe, waɗanda a ɓera suke manne da juna a wuya cikin tantani ɗaya. Farotid ɗinsa a baje take, tana kama da kitse, kuma dab da ita akwai matatsar hawaye. Ɗalibi yakan ciro ta hawaye ya sa a fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, yana murna a zaton farotid ce. Ku lura da launi, ta hawaye ta fi duhu.

Wani zai ce, mu da giya haramun ce gare mu, ina ruwanmu? Likita ba ya zaɓen majinyaci. Wanda ya daɗe yana sha, musamman in hantarsa ta taɓu, yakan zo da kumburin kumatu biyu mara ciwo, da bushewar baki, da ruɓewar haƙora.

To, shayarwar. Ɓera ba ya son giya, in ka ba shi zaɓi ruwa zai fi sha. Hanya ta farko ita ce a zuba ta a ruwan shansa, a fara da kashi 5 cikin ɗari, a riƙa ƙarawa mako-mako har 20, a ci gaba watanni. In etanol ɗinka, wato tsantsar giya, mai ƙarfin kashi 95 ne, ka auni mililita 210 ka cika da ruwa zuwa lita ɗaya, ka sami 20. Sai dai ɓeran zai rage sha, ya rage ci. A zafin Sakkwato, watan Afrilu da ake haura digiri 40, in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ƙishirwa kaɗai ta isa ta rage masa yawu. Ɗakin ɓeraye ana so ya zauna tsakanin digiri 20 da 24, a kuma canza kwalabe kullum don giyar tana tashi a iska.

Hanya ta biyu ta Lieber da DeCarli ce, masu bincike a Amurka. Abinci ne na ruwa zalla, giya na ba da kusan kashi 36 na kuzarin da ke ciki, kuma ɓeran ba shi da wani abin ci sai shi. A nan nake so ku buɗe kunne. Farotid tauna ce ke raya ta. Ɓeran da aka hana tauna, ko ɗigon giya bai sha ba, farotid ɗinsa za ta motse cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kamar hannun da aka ɗaure da karan ɗori ne, ranar da aka kwance sai ka gan shi ya rame. Saboda haka in ka gwada mai shan abincin ruwa da giya da wanda ke gurgurar busasshen abinci, ka ga bambanci, ba ka san na giya ne ko na rashin tauna ba. Na sake faɗa: ba ka sani ba! Dole a yi rukuni uku. Na giya, na abincin ruwa da aka maye giyar da sukarin maltos mai kuzari daidai, sai na busasshen abinci. Kuma na biyun ba a barinsa ya ci son ransa. Abin da ɗan'uwansa na giya ya sha jiya, shi za a auna masa yau. Wanda ya tsallake wannan ya yi asarar ɓerayensa da watanninsa.

Na huɗu... a'a, na uku ko? Lokaci ya ja. Ana sa ɓeran barci, a yi masa allurar filokafin don yawu ya zubo, a tare da audugar da aka riga aka auna a sikeli. Abin da aka fi gani bayan shan giya na dogon lokaci shi ne kitse ya taru a ƙwayoyin farotid, yawu ya ragu, sinadarin amiles mai narkar da sitaci ya sauya. In an shirya naman don madubin likita ta hanyar daskarar da shi cikin kakin farafin, sinadarin zailin da ake jiƙa shi a ciki yana wanke kitsen nan, ramuka kawai za ka gani. Sai a daskarar da naman da sanyi a yanka, a rina da Oil Red O, rinin da ke mai da kitse ja.

Na'am, ɗiyata? Tana tambaya ko za a iya amfani da burkutu, tunda shi ake sha a wasu garuruwan ƙasar nan. Tambaya mai kyau. Ƙarfin burkutu yana bambanta daga tukunya zuwa tukunya, yana ci gaba da tsami a kwalba, ga gasarar dawa a ciki wadda ita ma abinci ce. In burkutun kike son nazari, ki auna ƙarfin giyar kowane zubi, ki ƙara rukunin da za a ba etanol tsantsa mai wannan ƙarfin, da wani da za a ba ruwan dawar da bai tsima ba. Ɓeraye za su ƙaru, kuɗin abinci ma haka, don haka ki yi lissafi da malaminki tun kafin ki kai takarda gaban kwamitin da ke ba da izinin gwaji da dabbobi.